Nicodemus: Ƙauyen 'Yantattun Bayi a Filayen Kansas



  

Da an ambaci Amurka, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne dogayen benaye na New York, ko fadar shugaban ƙasa a Washington. Yau ba can za mu ba. Ƙauye za mu. Sunansa Nicodemus, yana gundumar Graham a arewa maso yammacin jihar Kansas, kusa da reshen kudu na kogin Solomon. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2020 ta samu mutum 14 a cikinsa. Mutum 14, ba tuntuɓen harshe na yi ba. Amma duk da haka Majalisar Dokokin Amurka ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma kowace shekara ɗaruruwan mutane suna tahowa daga birane masu nisa suna cewa sun zo gida. Tambayar da nake so mu riƙe a wannan zama ita ce: wurin da mutum 14 ne ke kwana a cikinsa, gari ne ko kufai?

Zan bi maganar daki-daki.

Na farko: me ya fitar da su daga gida?

Waɗanda suka kafa Nicodemus a 1877 baƙaƙen fata ne, yawancinsu an haife su cikin bauta a jihar Kentucky. Kentucky tana da wani matsayi na daban a tarihin bautar Amurka. A yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ba ta ɓalle daga tarayya ba, ko da yake tana riƙe da bayi. Shi ya sa shelar 'yanta bayi da Shugaba Abraham Lincoln ya yi a 1863 ba ta shafe ta ba, domin shelar ta tsaya ne a kan jihohin da suka yi tawaye. Sai a watan Disamba na 1865, da gyara na 13 ga tsarin mulki ya fara aiki, bauta ta ƙare a can a hukumance. Ko a lokacin ma majalisar jihar ƙin amincewa ta yi da gyaran. Kun san yaushe ta sa hannu? A 1976.

To, an ba mutum 'yanci, amma ba a ba shi ko taku ɗaya na gona ba. Ina zai nufa? Da yawa sun koma gonakin iyayengijinsu na da, suna noman kashi-mu-raba: mai gona ya ba da fili da iri, ya ba da bashin abinci, in kaka ta yi shi ne mai awo, shi ne mai lissafi. Shekara ta zagayo bashi na nan daram, har ya ƙaru. Ga kuma 'yan ta'addar Ku Klux Klan da ire-irensu suna yawo da dare. A 1877 ɗin nan gwamnatin tarayya ta janye ragowar sojojinta daga harkokin mulkin jihohin kudu, duk baƙin da ke da hankali ya gane cewa an bar shi da halinsa.

Kansas kuwa tana da suna mai daɗi a kunnensu. Ta shiga tarayya a 1861 a matsayin jihar da ba a bauta, bayan an zubar da jini a kan wannan batu, kuma a can John Brown, Baturen da ya ɗauki makami don yaƙar bauta, ya fara yin suna. Sannan akwai dokar rabon filaye ta 1862, wadda ta ce duk ɗan ƙasa zai iya kama eka 160 daga filin gwamnati, kimanin hekta 65 ke nan, ya biya ɗan kuɗin rajista, ya zauna a kai yana nomawa shekara 5, fili ya zama nasa da takarda. Ku auna wannan a zuciyar mutumin da shi kansa an taɓa rubuta shi cikin jerin dukiyar wani.

Sai dai kada mu wuce ba mu faɗi gaskiya ba. Filin da gwamnati ke rabawa kyauta ba daga sama ya faɗo ba. Wuraren farautar 'yan asalin ƙasar ne, irin su Cheyenne da Pawnee, waɗanda aka kora da ƙarfin bindiga aka kuma ƙarar da ɓaunayen da suke rayuwa a kansu. Da abin da aka ƙwace wa wani aka share hawayen wani.

Na biyu: dillali da limamai.

Ana son a ba da labarin Nicodemus kamar hijira ce zalla, ta masu neman ƙasar alkawari. Hijira ce, babu shakka. Amma ciniki ne kuma. A watan Afrilun 1877 aka kafa kamfanin garin, mutum bakwai: baƙaƙe shida da Bature ɗaya, W. R. Hill, wanda sana'arsa dillancin filaye ce, kuma shi ne ya kafa garin Hill City da ke yamma kaɗan. Shugaban kamfanin wani limamin coci ne baƙar fata, W. H. Smith, sakatare kuma Simon P. Roundtree, shi ma limami, wanda shi ya fara tarewa a wurin a watan Yuni. Lissafin Hill a fili yake: fili babu mutane ba shi da daraja, kowane iyali da ya zo akwai la'adarsa, kuma yawan jama'a shi ke jawo kasuwa.

Aka buga takardun talla, aka bi coci-coci a yankin Lexington da Georgetown na Kentucky. Wata takarda ta sanar cewa duk baƙin da ke son zuwa Kansas a farkon Satumba zai iya da dala 5. Aka kwatanta musu ƙasa mai albarka, ga ruwa, ga itace, ga namun daji. Shin yaudara ce? Ni dai a ganina, zuƙi ne irin na dillali, wanda bai kai ƙarya tsagwaronta ba, amma ya yi nisa da gaskiya. Filin yana nan, takardar mallaka ma gaskiya ce. Abin da aka ɓoye shi ne wahalar da ke tsakanin zuwa da samu.

Sunan garin ana danganta shi da wani bawa ɗan Afirka da ake ba da labarinsa, wanda Henry Clay Work ya yi waƙa a kansa a 1864, wasu kuma suna danganta shi da Nikodimu na cikin Linjila.

Na uku: isowa. A nan zan ɗan daɗe.

Ayari mafi girma ya iso a watan Satumban 1877, mutum wajen 300. Jirgin ƙasa ya sauke su a Ellis, daga nan sauran tafiyar kimanin mil 35 ce zuwa arewa, yawanci a ƙafa, da tsofaffi da goyo da masu juna biyu. Mutanen nan sun fito daga ƙasa mai duwatsu kore shar, mai dazuzzuka. Abin da suka tarar fili ne fetal, ciyawa iyakar ganinka, iska ba ta tsayawa, itace sai ɗan abin da ke bakin kogi. Gani ya kori ji. Iyalai da dama ko kaya ba su kwance ba suka juya.

Waɗanda suka tsaya, da me za su yi gini? Babu katako, babu kuɗin sayen sa. Sai suka shiga ƙasa. Mutum ya sami gefen tudu ko gaɓar kwari ya haƙa ɗaki a ciki, ya yi bangon gaba da yankakkiyar ƙasa mai saiwar ciyawa, ya ɗora 'yan sanduna da ciyawa da ƙasa a sama, ya fitar da bututun hayaƙi. Ɗakin yana riƙe ɗumi lokacin sanyi, yana da sanyi lokacin zafi, amma in an yi ruwa yana yoyo, ga macizai, ga ƙuma. Makamashi kuwa busasshen kashin ɓauna da na shanu, da karan furen rana.

Akwai wata baiwar Allah, Willianna Hickman, matar limami Daniel Hickman, wadda ta zo cikin ayarin Georgetown a bazarar 1878. Da ta tsufa ta ba wata jarida labarin ranar isowarsu. Ba ta da lafiya a hanya, sai ta ji maza suna sowa wai ga Nicodemus can. Ta ɗaga kai ta duba, ta sake dubawa, ba ta ga gari ba. Mijinta ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga cikin ƙasa nan da can, ya ce garin ke nan. Sai ta fashe da kuka. Wannan labari kusan kowane ɗan Nicodemus ya san shi, kuma ku lura, ba su ɓoye shi ba, alfahari ma suke da shi.

Ayarin Satumba ya zo bayan lokacin shuka ya wuce. Ba girbi, ba rumbu, ga hunturun Kansas mai dusar ƙanƙara. Yaya suka yi? Wasu maza sun taka mil da yawa neman ƙwadago a hanyar jirgi da gonakin Turawa. An aika wakilai gabashin jihar neman gudummawa, aka samu. An tsinci ƙasusuwan ɓauna da suka warwatsu a fili ana sayarwa. Zuriyar garin kuma har yau suna faɗin cewa wasu 'yan ƙabilar Osage da ke dawowa daga farauta sun raba musu nama. Su ma Osage ba a daɗe da tashinsu daga Kansas ba. Korarre ya ciyar da gudajje.

Da bazara ta zo, dabbobin huɗa ba su taka kara sun karya ba. Da yawa da fartanya da shebur suka fasa ƙasar da ba a taɓa nomawa ba tun da aka halicce ta, wadda saiwoyin ciyawa suka saƙe ta. Amma tun suna cikin ramin suka soma abin da ke mai da sansani gari. Zachariah Fletcher ya buɗe kanti da gidan waya. Matarsa Jenny ta tara yara tana koyar da su karatu a ɗakin ƙasa. Aka kafa coci. Mutanen da yawancinsu aka hana su karatu suna yara, makaranta suka sa a gaba kafin su sami rufin kirki.

Ƙarin bayani ga ɗaliban tarihi: ana yawan haɗa Nicodemus da babbar ƙaurar 1879, lokacin da dubban baƙaƙe daga Mississippi da Louisiana da Texas suka kwararo Kansas, ana kuma jingina kafa ta ga Benjamin Singleton, ɗaya daga cikin masu jagorantar ƙaurar baƙaƙe zuwa Kansas. Nicodemus ta riga wannan ƙaura da shekara biyu, kuma ba Singleton ne ya kafa ta ba.

Na huɗu: bunƙasa, da jirgin da bai zo ba.

Cikin shekara goma abin ya canja. An yi sa'ar damina masu kyau a tsakiyar shekarun 1880. An gano cewa farin dutsen yankin yana da laushin sassaƙa, aka fito daga rami aka soma gini da shi. Garin ya samu kantuna, da otal, da banki, da coci-coci, da ƙungiyar makaɗa, da ta wasan ƙwallo, da jaridu har biyu, Western Cyclone da Nicodemus Enterprise. Turawa 'yan kasuwa ma sun zo sun buɗe shaguna tare da baƙaƙe.

Siyasa ma ba a bar su a baya ba. Edward P. McCabe, wanda aka haifa ɗa a jihar New York, ya yi aikin akawu a Chicago, ya zo Nicodemus a 1878. Ya zama akawun gunduma, sannan a 1882 aka zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas baki ɗaya, aka sake zaɓensa a 1884, a jihar da Turawa suka fi yawa nesa ba kusa ba. Shekara 5 ke nan daga ɗakin rami zuwa ofis a Topeka, babban birnin jihar.

Amma duk wannan a kan fata ɗaya aka gina shi: jirgin ƙasa zai biyo ta garin. A wancan zamani, manomin da ba shi kusa da tasha, kuɗin dako ne zai cinye ribar alkamarsa. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san abin da isowar jirgi Kano a 1911 ta yi wa cinikin gyaɗa, mun kuma san yadda ƙananan wurare irin su Kaura Namoda da Nguru suka tashi don layin dogo ya ƙare a ƙofarsu, alhali tsofaffin birane na kallo.

Mutanen Nicodemus sun yi iyakar ƙoƙarinsu. A 1887 suka kaɗa ƙuri'a suka amince su ɗauki bashin dala 16,000 don su jawo kamfanin Missouri Pacific. Kamfanin ya tsaya a Stockton, bai ƙaraso ba. Aka sa rai da kamfanin Santa Fe, shiru. Sai Union Pacific, wanda a 1888 ya shimfiɗa layinsa, amma ta kudancin kogi, kimanin mil 6 daga garin, inda wani sabon wuri mai suna Bogue ya tsiro a bakin tasha. 'Yan kasuwa suka kwashe kaya, wasu har da gine-ginensu na katako suka ja, suka koma can. A wannan shekara kuma Hill City, garin dillalin nan, ta zama hedikwatar gunduma.

Za ku tambaye ni: don su baƙaƙe ne aka kauce musu? Wasu na ganin haka, kuma wanda ya san Amurkar wancan lokaci ba zai ce zargin banza ba ne. Sai dai garuruwan Turawa da yawa a Kansas su ma haka jirgi ya yi musu, domin kamfanonin sun fi son su kafa nasu garin a filin da za su sayar da kansu. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne wannan: mutanen da suka yi tafiyar ɗaruruwan mil don kada wani ya sake yanke musu hukunci a bayan idonsu, sai ga shi an yanke makomar kasuwarsu a wani ofis da ba su da kujera a ciki. McCabe kansa ya bar jihar, ya tafi Oklahoma, inda ya taimaka aka kafa garin Langston a 1890.

Na biyar: ƙasa da ruwa.

Wannan a taƙaice. 'Yan kasuwa sun tafi, manoma sun zauna, domin fili ba ya shiga amalanke. Amma yankin na bakin iyakar busasshiyar ƙasa ne, ruwan shekara ba shi da yawa. Tun 1878 masanin ƙasa John Wesley Powell ya gargaɗi gwamnati cewa eka 160 ba za ta riƙe iyali a ƙasashen yamma masu ƙarancin ruwa ba. Ba a saurare shi ba. A lokacin har akwai masu cewa wai ruwan sama garma yake bi. Shekarun 1930 suka zo da karyewar tattalin arziki da fari da guguwar ƙura mai rufe rana. Gonaki suka tafi a bashin banki da na haraji. Matasa suka nufi Denver da Kansas City da California. Aka rufe gidan waya a 1953, makaranta ma ta bi baya. Ba Nicodemus kaɗai ba ce: a 1920 manoma baƙaƙe a Amurka sun haura 900,000, yau ba su kai 50,000 ba.

Na shida: me ya hana ta zama kufai?

Garuruwa masu yawa da baƙaƙe suka kafa a yammacin Amurka bayan yaƙin basasa sun shafe, sai dai a nuna maka wurin a taswira. Nicodemus ita ce mafi daɗewa cikin waɗanda suka rage a yamma da kogin Mississippi. Me ya bambanta ta?

Abu na ɗaya, fili. Wasu iyalai sun ƙi sayarwa ko da sun koma birni. Mutum yana aiki a Denver, amma yana biyan harajin gonar kakansa. Veryl Switzer, ɗan garin da ya yi suna a ƙwallon Amurka har ya buga wa Green Bay Packers a shekarun 1950, bai saki noma a can ba. A garin ne kuma manoma baƙaƙe na Kansas suka kafa ƙungiyarsu, har suka gwada shuka tef, hatsin nan na Habasha mai jure fari.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan komai, rana ce da aka tsayar. Tun 1878 suke bikin 'yanci kowace shekara. Asalinsa ranar 1 ga Agusta ce, ranar da Birtaniya ta soke bauta a tsibiran Karibiyan a 1834, wadda baƙaƙen Amurka suka daɗe suna tunawa da ita tun kafin nasu 'yancin ya zo. Yanzu ana yin sa a ƙarshen makon ƙarshe na Yuli, ya kuma zama bikin dawowa gida. Ana jerin gwano, a gasa nama, a yi rawa, a ziyarci maƙabarta, ranar Lahadi a cika coci. Yaron da aka haifa a Los Angeles a nan ake nuna masa ɗan'uwan kakarsa, a nan ake kai shi a ce ga inda ramin gidanku yake. Mu muna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen Nicodemus sun bar gida, sai suka yanka wa gidan kwana uku a shekara, kuma sun fi shekara 140 suna cikawa.

Abu na uku, masu riƙe tarihi. A 1976 aka ayyana garin cikin muhimman wuraren tarihi. Angela Bates, jikar mutanen farko, wadda ta tashi a birni ta dawo, ta kafa ƙungiyar tarihin garin, ta bi gida-gida tana tara hotuna da labaran tsofaffi, ta kuma yi ta kai-komo wurin 'yan majalisa. A watan Nuwamban 1996 aka kafa dokar da ta sa Nicodemus ƙarƙashin kulawar hukumar wuraren tarihi ta ƙasa. Gine-gine biyar aka ware: coci biyu, da tsohon otal ɗin Fletcher, da makarantar 1918, da zauren taro na dutse da aka gina a 1939 cikin shirin gwamnati na samar wa marasa aiki aikin yi.

Ba zan rufe ku ba, wannan matsayi yana da nasa haɗarin. Wurin da gwamnati ta kafa wa allo, baƙi suna zuwa da kyamara, yana iya zama gidan kallo, mazaunansa su zama abin nuni. Yawancin waɗanda ke kwana a garin tsofaffi ne. Babu makaranta, babu aikin da zai riƙe saurayi. Kowane gado da aka raba tsakanin jikoki goma da ke jihohi biyar, ƙofa ce ta sayarwa. Idan jikokin da suka san kakanninsu ido da ido suka ƙare, shin waɗanda ke bayansu za su ci gaba da tuƙa mota yini guda cikin zafin Yuli don su zo? Wannan ita ce muhawarar da 'yan garin ke yi a tsakaninsu, kuma ina so in ji ra'ayin masana zamantakewa da ke cikin wannan zaure a kanta.

Mai girma shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo.  Duk mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, fili nasa ne. Na roƙi arziki a fara da ɗaliban da ke kujerun baya.